Yadda ake ƙera dodo a tsohon salon D&D, a kuma auna haɗarinsa kafin a zauna wasa

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu alƙalancin wasan D&D na tsohon salo (wasan tebur ne da 'yan wasa ke zama jarumai masu shiga kogo, alƙali yana tafiyar da labari da dodanni, dayis na yanke hukunci), kowa da yadda yake furta ta. Wannan ya ce ya ƙirƙiri dodo ya ajiye a kogo, cikin zagaye uku na faɗa ya shafe jarumai biyar, 'yan wasa suka tashi rai a ɓace. Wancan ya ce nasa dodon, da ya kwana yana tsarawa, ko sara ɗaya bai kai ba aka kwantar da shi. Dukansu ma'auni suke nema.

Lamba guda da ake manna wa kowane dodo don ta nuna ayarin da ya dace da shi, a bugu na uku na shekarar 2000 ta zama ginshiƙin wasan. Tsohon salo bai yi wa kowa alkawarin cewa duk abin da ya gamu da shi zai iya kashe shi ba. Aikinka na alƙali shi ne ka san girman haɗarin da ka ajiye tun a takarda, sannan ka ba 'yan wasa alamu da hanyoyin kuɓuta daidai da girman haɗarin nan. Ga yadda ake yi, daki-daki.

Duk lambobin da ke ƙasa na dokokin 1981 ne, waɗanda ake kira B/X (Tom Moldvay ya tsara littafin farko, David Cook na biyu), kuma wani littafi na baya-bayan nan, Old-School Essentials, ya kwafe su yadda suke.

Kayan aiki

Littafin dokoki, takarda, fensir, da dayis: d4, d6, d8, d10 da d20 (lambar da ke bayan d ita ce yawan fuskokin dayis, 2d8 kuma na nufin a jefa d8 biyu a haɗa). Dokokin Old-School Essentials suna nan kyauta a intanet. Dayis ɗin ludo guda biyu sun isar maka d6, saura kuma akwai manhajojin waya na kyauta da ke jefa su. In babu caji, rubuta 1 zuwa 20 a ƙananan takardu ka zuba a hula, a riƙa zara ana mayarwa.

A kula: Basic Fantasy na Chris Gonnerman shi ma kyauta ne, kuma ɗan gida ɗaya ne da B/X, amma lambar sulkensa sama take hawa, teburin makinsa daban ne, kuma a ainihin dokarsa ba a ba da maki don dukiya. In shi kake bi, ɗauki tsarin lissafin da ke nan, lambobin kuma ka ɗebo daga littafinka.

1. Fara auna jarumai

Kafin ka taɓa dodo, rubuta abu huɗu game da ayarin: jinin kowane jarumi (yawan ɓarnar da zai iya ɗauka kafin ya mutu), lambar sulkensa (ma'aunin wuyar samunsa da sara, bayaninta na mataki na 4), makaminsa, da tsafin da aka shigo da shi. Ga ayarin da za mu yi aiki da shi, mutum biyar 'yan matsayi na biyu:

- Mayaƙa biyu: jini 9 kowanne, sulken sarƙa da garkuwa (lambar sulke 4), takobi d8.
- Malami: jini 7, sulke 4, kulki d6.
- Ɓarawo: jini 5, rigar fata (sulke 7), baka d6.
- Matsafi: jini 5, ba sulke (9), tsafi biyu.

Jimillar jini 35. Masu kai sara huɗu ne, kuma in duka huɗun suka samu a zagaye ɗaya, matsakaicin ɓarnarsu 16 ne (4.5 sau biyu, 3.5 sau biyu). Riƙe lambobin nan biyu, 35 da 16. Bambanta ɓarnar makamai zaɓi ne a B/X. In teburinku kowane makami d6 yake yi, mayar da 16 ɗin 14.

Gargaɗi: duba ko matsafi yana da tsafin barci. Yana kwantar da halittu masu jimillar HD 2d8 (HD ma'aunin girman dodo ne, bayaninsa na mataki na 3), ko guda ɗaya mai 4+1, ba tare da an ba su jifan tsira ba (jifan dayis da ke kuɓutar da mutum daga tsafi ko dafi). Duk dodon da bai wuce wannan ba, kuma ba daga matattu masu yawo yake ba, ka sa a ranka ana iya gama da shi da kalma ɗaya. Kada ka hana. Matsafin ya kashe rabin abin da ya shigo da shi ke nan, kuma akwai sauran ɗakuna a gaba.

2. Yanke abin da dodon yake so

Jimla biyu kawai: me yake nema, kuma me yake lalata wa jarumai ban da jini? Misalin da zan ƙera shi ne kurar toka, dabba mai zama a tsohuwar maƙera a hawa na biyu na kogo. Nama da ƙashi take so. Abin da take lalatawa haske ne. Kada ka tsallake wannan mataki, domin daga nan ne lambar zuciya (ma'aunin ƙarfin halin dodo), alamu da hanyar gudu duk za su fito.

3. Zaɓi HD

HD shi ne yawan d8 da ake jefawa don samun jinin dodo, kowanne matsakaicinsa 4.5. Shi ne kuma ke yanke lambar sara (lambar da ake auna ko saransa zai samu da ita, wasu littattafai na rubuta ta THAC0), jifan tsira, da makin da ake samu. Lambar sara tana tafiya haka: HD 1 ko ƙasa, 19, daga 1+ zuwa 2, 18, daga 2+ zuwa 3, 17, daga 3+ zuwa 4, 16, daga 4+ zuwa 5, 15, daga 5+ zuwa 6, 14, daga 6+ zuwa 7, 13.

Ma'aunin littafin a nan mai sauƙi ne: dodo mai HD 1 gidansa hawa na ɗaya, mai HD 2 hawa na biyu, haka har ƙasa. Ana iya ɗaga shi ko sauke shi da hawa ɗaya ko biyu, a rage yawansa in ya hau sama, a ƙara in ya gangara. 'Yan wasa da kansu suke zaɓar zurfin da za su sauka, kuma wannan zaɓin shi ne rabin daidaiton wasan.

Kurar toka na ba ta HD 3: jini 13 ko 14, lambar sara 17. Jifan tsira kuwa, dodo mai wayo yana tsira kamar mayaƙi mai matsayi daidai da HD ɗinsa, dabba marar wayo kamar mayaƙi mai rabin haka. Kurarmu dabba ce, sai ta tsira kamar mayaƙi na matsayi na biyu.

A kula da ƙaramar alamar ƙari. Dodo mai 3+1 jini ɗaya kawai ya fi mai 3, amma yana sara da lambar mai 4, kuma makinsa ya tashi daga 35 zuwa 50.

4. Sulke, sara, da lissafin da ba a tsallakewa

Lambar sulke a B/X ƙasa take sauka: 9 ba kariya, 7 rigar fata, 5 sulken sarƙa, 3 sulken faranti, garkuwa ta rage ɗaya. Kwatanta fatar dodon da waɗannan. Na ba kura 6.

Lissafin guda uku ne. Na farko, cire lambar sulken wanda ake sara daga lambar sarar mai sara. Abin da ya rage shi ake buƙata a d20. Na biyu, cire wannan daga 21 ka ninka da biyar, ka samu kashi nawa cikin ɗari saran zai samu. Na uku, ninka wannan kashin da matsakaicin ɓarna.

Kura a kan mayaƙi: 17 a cire 4, saura 13. Kashi 40 ke nan. Cizonta 2d4 ne, matsakaici 5, don haka tana cin jini 2 a kowane zagaye. Ayari a kan kura: 19 a cire 6, saura 13, su ma kashi 40, kashi 40 na 16 kuma 6.4 ne. Kura ɗaya za ta faɗi a zagaye biyu da ɗan wani abu, ta tafi da jini 4 ko 5.

Yanzu dubi abin da wannan lissafi yake tonawa a dodannin littafin. Ogre, wani ƙaton dodo mai siffar mutum, yana da HD 4+1, jini kusan 19, sulke 5, duka ɗaya na d10. A kan sulke 4 yana buƙatar 11, rabi da rabi, wato jini 2.75 a zagaye. Ayarinmu zai kayar da shi a zagaye uku ko huɗu, ya ci musu kusan jini 10. Goblin shida kuwa, ƙananan dodanni, kowanne HD 1-1, yana buƙatar 15, kashi 30, da makamin d6. A zagayen farko kaɗai suna cin sama da jini 6, fiye da ninkin na ogre. In suka tsaya har na ƙarshensu, kuma duka suka sami wurin kai sara, za su ci kusan 15. Makin ogre 125 ne, na goblin shida gaba ɗaya 30.

Saboda haka yawan sara a zagaye shi za ka fi tsoro fiye da girman HD. Alƙalai da yawa suna ƙirƙirar dodo su ba shi farce biyu da cizo don ya yi kwarjini, ba su lura sun ninka haɗarinsa sau uku ba.

Ma'aunina, wanda ba na littafi ba ne: in ɓarnar da ka lissafa ba ta kai rubu'in jinin ayari ba, faɗa ne mai sauƙi. Daga rubu'i zuwa rabi, wani zai iya faɗuwa. In ta wuce rabi, wannan ba faɗan da ake so a yi gaba da gaba ba ne, kuma matakai na 7 zuwa 9 sun zama wajibi a kanka.

Gargaɗi: matsakaici ba ya nuna mutuwar farat ɗaya. Ogre ɗin nan, in ya sami mayaƙi ɗan matsayi na ɗaya mai jini 5, sau shida cikin goma duka ɗaya ya gama da shi. Kullum kwatanta ƙarshen ɓarnar dodo da jinin wanda zai tsaya a sahun gaba.

5. Baiwa ta musamman

A nan ake yawan yin ɓarna. Littafin yana sa tauraro a gefen HD don kowace baiwa mai ƙarfi, ya ƙara ɗan maki, amma tauraron ba ya gaya maka girman abin.

Ɗauki ghoul, mai cin gawa. HD 2 da tauraro, maki 25 kacal. Sara uku yake kaiwa, kowanne d3, ɓarnar da ba ta taka kara ta karya ba. Sai dai duk saran da ya samu, jarumi zai yi jifan tsira ko jikinsa ya sandare na zango 2d4, zango ɗaya kuwa minti goma ne. A kan sulke 4, kowane sara na samu kashi 35. Mayaƙi ɗan matsayi na ɗaya zuwa na uku yana buƙatar 14 ya tsira, wato yana faɗuwa kashi 65. In ka haɗa sara ukun, damar mayaƙin ya sandare a zagaye guda ta ɗan haura rabi. Kuma ghoul daga ɗaya zuwa shida suke fitowa. Uku daga cikinsu na iya kwantar da sahun gaba kafin matsafi ya buɗe baki, tsafin barci kuma ba ya kama su. Dafi ma haka: mayaƙin nan yana buƙatar 12, kashi 55 yana mutuwa ko da jininsa cike yake.

Duk baiwar da ke cire jarumi daga faɗa ba tare da ta bi ta kan jininsa ba, a lissafa ta daban: damar saran ya samu, a ninka da damar jifan tsira ya faɗi.

Sannan ka lura da yadda littafin yake ajiye wa kowace baiwa magani da ake iya saye ko shiryawa. Wight, ɗaya daga matattu masu yawo, yana zuƙe matsayi guda da taɓawa ɗaya, ƙarfe ba ya cin sa, amma wuƙar azurfa zinare 30 ce a kasuwa, kibiyar azurfa 5. Troll, wani dogon dodo, yana mayar da jini 3 a kowane zagaye, amma raunin wuta ba ya warkewa, kwalbar mai kuwa zinare 2 ce, tana ƙuna d8 har zagaye biyu. Elf, wani jinsin jarumi da ba ɗan Adam ba, ba ya sandarewa a hannun ghoul, malami kuma yana iya korar su. Naka dodon ma ka yi masa haka.

Baiwar kurar toka: a maimakon cizo, tana iya tarin toka har nisan ƙafa 20. Sandar wuta tana mutuwa a 1 zuwa 4 na d6, fitila mai murfi a 1 kawai. Wanda ke faɗa a duhu na rage masa 4 a jifan sara (hukuncina ne wannan, na rubuta shi a jikin dodon don kada a yi gardama a tebur). Sake kunna wuta da ƙyastu yana cin zagaye guda, kuma a 1 ko 2 na d6 kawai yake kamawa.

Sake lissafi. A duhu ayari na buƙatar 17, kashi 20, ɓarnarsu ta koma 3.2. Faɗan ya ninka tsawo, jinin da za su rasa ma ya ninka. Tauraro ɗaya ne, amma ya mayar da kura ɗaya kamar biyu. Maganinta fitila ce ta zinare 10, ko tsafin haske, ko a sa wada (shi ma jinsin jarumi ne a wasan) da elf a gaba tunda suna gani a duhu har ƙafa 60. Na ƙara mata rauni guda: in aka watsa mata ruwa, tokar ta jiƙe, ba ta sake tari har faɗan ya ƙare.

Gargaɗi: baiwa ɗaya ta isa ga dodon hawa na ɗaya zuwa na uku. In ka tara dafi, tashi sama da rashin jin ƙarfe a halitta guda, 'yan wasa ba za su iya gane wanne ne ya kashe su ba, balle su shirya masa a karo na gaba.

6. Nawa ne, kuma a ina

Koma kan takardarka. Kura biyu a haske: huɗu a zagaye har ta farko ta faɗi, sannan biyu-biyu, jimilla kusan 12, sulusin jinin ayari. A duhu 24. Kura uku a haske 24, a duhu kusan 48, ayarin kuwa 35 gare shi. Don haka na rubuta: masu yawo ɗaya ko biyu, a maƙera uku zuwa huɗu. Wanda ya kutsa maƙerar da sandar wuta kaɗai ba zai fito ba, kuma na san haka tun kafin a zauna.

Wuri ma lamba ne. A lungu mai faɗin ƙafa goma mutum biyu ko uku ne ke iya jerawa, goblin shida sun koma biyu. A fili mai ƙofofi uku za su zagaye ayari su kai ga matsafi mai sulke 9, wanda suke samu da 10. Zana ɗakin kafin ka yanke yawan.

Kada kuma ka cika kowane ɗaki. Teburin B/X na cike kogo yana jefa d6: 1 ko 2 dodo, 3 tarko, 4 wani abin mamaki, 5 ko 6 ɗaki wayam. Sulusin ɗakuna ne kawai ke da dodo. Ɗakunan wayam su ne inda ake ja da baya, a ɗaure rauni, a yi shawara.

7. Tarba da zuciya

Waɗannan jifa biyu su ne aka fi mantawa, kuma mantawa da su ne ke sa mutane su ce tsohon salo mahauta ce.

Jifan tarba ana yin sa da 2d6 a farkon haɗuwa, in ba ka riga ka san abin da dodon zai yi ba. In 2 ta fito, ya afka nan take. 3 zuwa 5, yana da mugun nufi, zai iya afkawa. 6 zuwa 8, yana shakka. 9 zuwa 11, ba zai kai hari ba, zai wuce ko ya saurari tayi. 12, maraba. Sau ɗaya cikin 36 ne kawai ake afkawa ba magana, kuma kusan rabin lokaci dodon tsayawa yake yana kallo. A wannan tsayuwar ne 'yan wasa ke miƙa nama, su yi ƙarya, su sayi hanya, ko su haɗa goblin faɗa da maƙwabtansu. Faɗan da ya fi ƙarfinka, an ce ka mai da shi wasa, kuma dokar ta bar ƙofar yin hakan a buɗe.

Lambar zuciya daga 2 take zuwa 12. Ana jefa 2d6 sau biyu: lokacin da na farko a cikinsu ya mutu, da lokacin da rabinsu suka faɗi. In jifan ya haura lambar, su gudu ko su miƙa wuya. In sun tsallake duka biyun, sai mutuwa. Mai zuciya 6 yana karaya kashi 58 a kowane jifa, mai 7 kashi 42, mai 8 kashi 28, mai 9 kashi 17, mai 10 kashi 8. Goblin 7 gare su, amma 9 in sarkinsu na nan, shi ya sa kibiya ɗaya a jikin sarkin ta fi sara goma a jikin talakawansa. Da zuciya 7, sau biyu cikin uku faɗan goblin shidan nan ba zai kai ƙarshe ba, jini 15 ɗin da muka lissafa ya ragu sosai.

Kura na ba ta 8, ta koma 6 in an jiƙa ta.

Gargaɗi: 12 na nufin ba ya gudu har abada. Na ƙwarangwal ne da ire-irensa marasa rai. In ka ba dabba ko mutum 12, duk jinin da ka lissafa sai an zubar da shi har ɗigon ƙarshe.

8. Gudu

Kwatanta saurin dodo da na jarumin da ya fi kowa nauyi. A dokar nauyi mai sauƙi, marar sulke yana tafiyar ƙafa 120, mai rigar fata 90, mai sulken ƙarfe 60. Goblin 60 ne, ogre da ghoul 90, troll 120. Mayaƙanmu ba za su tsere wa ogre da ƙafa ba.

Duk dodon da ya fi ayari ƙarfi kuma ya fi shi sauri, dole ka ba shi abin da zai tsayar da shi. Littafin ya tanadi uku: a zubar da abinci, dabba mai yunwa ta tsaya a 1 zuwa 3 na d6, a zubar da dukiya, mai wayo ya tsaya a kan wannan damar, ko a kunna mai a ƙasa a tare hanya. Kura 120 take, don haka na rubuta cewa ƙashi ko nama na tsayar da ita, kuma ba ta tsallake ruwan da ke kwance a lungun kudu da maƙera.

9. Alamu

Girman alama ya bi girman haɗari. Dodon da bai kai rubu'i ba, ba sai ka sanar ba. Wanda ya wuce rabi, ko mai kisa da jifa ɗaya, a ba shi alama aƙalla biyu kafin a gan shi, ɗaya daga ciki ta nuna irin baiwarsa.

Ga na kura. Tun daga matakala ana taka toka mai sanyi, da sawun dabba a ciki. A ƙofar lungu akwai sandunan wuta uku a yashe, ko rabi ba su ci ba, kawunansu dumu-dumu da toka. Kusa da su gawar wani mai sulke ce, an fasa ƙashin cinyarsa an tsotse ɓargo, ƙyastu na nan a hannunsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ɗan wasan da ya tsaya ya tambayi me ya sa sandunan suka mutu da sauran itace a jikinsu, ya riga ya gano dodon. A gari kuma, mai sayar da mai yana iya cewa mutanen da suka sauka hawa na biyu suka dawo, duk masu fitila ne.

Faɗi alamar a fili, ba tare da an yi jifa ba. Alamar da sai an ci sa'ar dayis ake ganin ta, ranar da sa'ar ta ƙi, daidai take da babu.

10. Maki da dukiya

Teburin maki: ƙasa da HD 1, maki 5, HD 1, 10, HD 2, 20, HD 3, 35, HD 4, 75, HD 5, 175, HD 6, 275. Kowane tauraro yana ƙara 3 a HD 1, 5 a HD 2, 15 a HD 3, 50 a HD 4, 125 a HD 5, 225 a HD 6. Kura 35 da 15, maki 50.

Makin kisa kaɗan ne da gangan. Mayaƙi na buƙatar 2,000 ya kai matsayi na biyu, goblin 400 ke nan in da kisa kaɗai zai dogara. Kowane zinare da aka fito da shi daga kogo maki ɗaya ne, kuma kashi uku cikin huɗu na maki ko fiye daga dukiya ya kamata su fito. Kura huɗu maki 200 ne, to dukiyar maƙera kada ta gaza zinare 600. Na sa 900, saboda haɗarin ya fi abin da tauraro ɗaya ya nuna.

Ajiye dukiyar inda za a iya ɗauka ba tare da an kashe mai gadi ba. Tawa tana cikin ramin zugazugi a bangon gabas. In an ja kurayen da nama zuwa yamma, ɓarawo ya shiga ya kwashe.

A kula: dodanni masu yawo, waɗanda ake dubawa duk bayan zango biyu da damar 1 cikin 6, kusan ba sa ɗauke da komai. Amfaninsu su sa ɓata lokaci ya yi tsada. In ka cika musu aljihu, 'yan wasa za su zauna suna jiran su.

Ga kurar a kammale: sulke 6, HD 3 da tauraro, cizo 2d4 ko tarin toka, lambar sara 17, tafiya 120, tsira kamar mayaƙi na biyu, zuciya 8 (6 a jiƙe), yawa 1 zuwa 2 (3 zuwa 4 a maƙera), maki 50.

11. Gwaji, sannan tebur

Kafin ranar wasa, buga faɗan kai kaɗai da dayis na gaske sau uku: sau ɗaya ayari ya shiga kai tsaye ba dabara, sau ɗaya an mamaye su (mamaya na faruwa a 1 ko 2 na d6, ta ba dodo zagaye guda kyauta), sau ɗaya kuma sun zo a shirye da maganin. In sun sha kashi a na farko da na biyu amma suka ci na uku cikin sauƙi, dodon ya yi. In har a shirye ma an shafe su, rage yawa. In ba dabara ma ba su ji komai ba, ƙara yawa ko ka buɗe ɗakin.

A tebur, jefa dayis ɗin faɗa a gaban kowa, kuma kada ka taɓa jinin dodo bayan an fara. Da zarar 'yan wasa suka gane kana sassauta musu, sun daina karanta toka da sawu, sun daina sayen fitila, duk aikin matakai na 7 zuwa 9 ya tashi a banza. In ka ga faɗa ya karkata fiye da yadda ka auna, kayan da doka ta ba ka suna nan: jifan zuciya da sassaucin maki ɗaya ko biyu in akwai dalili a fili, dodo mai wayo ya nemi fansa a maimakon kisa, dabba ta ja gawa ɗaya ta tafi da ita.

Bayan wasa, in gyara ya zama dole, canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, kuma a wannan jerin: yawa da farko, sannan zuciya, sannan yawan sara. HD a bar shi ƙarshe, domin taɓa shi yana motsa jini, lambar sara, jifan tsira da maki gaba ɗaya, sai ka koma mataki na 3 ka sake lissafin daga can.